Yaya, ga dalilin da ya sa muke tsare bakin kwata

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ka ji, wai mu Hausawan da ke zaune a Los Angeles ba ma wanke mota a bakin titi, ba ma watsa ruwan wanki a kwata, har ma muna kwasar 'ya'yanmu mu je tsintar shara a gaɓar teku. Ka ce ko tsoron hukuma ne ya kai mu ga haka. Akwai tsoron tara, ba na musu, amma ba shi ne tushen abin ba.

Garin nan hanyoyin ruwa biyu gare shi a ƙarƙashin ƙasa, kuma kowace da inda ta nufa. Ta farko ita ce mai ɗaukar ruwan masai da na wanka da na wanke-wanke, ta kai shi matata, kamar babbar matatar Hyperion da ke bakin teku, a tace shi kafin a sake shi. Ta biyu ita ce kwatar titi, wadda aka gina domin ruwan sama kaɗai. Akasarin abin da ya faɗa cikinta ba ya bi ta wata matata. Daga bakin kwata sai babban bututu, daga bututu sai rafi, daga rafi sai Tekun Fasifik. Shi ya sa a bakin kwatoci da yawa za ka ga an buga rubutu a jikin siminti, wani lokaci da zanen kifi a gefe, ana gargaɗi cewa kada a zuba komai domin teku yake zarcewa. Duk baƙon da ya sauka a wurinmu, wannan rubutun na cikin abubuwan farko da muke nuna masa.

Abin ya samo asali ne daga ambaliyar 1938, wadda ta kashe mutane fiye da 100. Bayanta injiniyoyin sojan Amurka suka shimfiɗe Kogin Los Angeles da kankare, kogin da tsawonsa ya kai wajen kilomita 82 kafin ya faɗa teku a Long Beach. Burinsu ruwa ya bar gari da sauri, kuma sun cim ma burin. Sai dai ruwan da ke gudu a kan kwalta da kankare ba ya nutsewa cikin ƙasa, balle ƙasa ta tace shi. Duk abin da ya tarar a hanya da shi yake tafiya.

A nan kusan duk ruwan shekara tsakanin Nuwamba da Maris yake sauka. Sauran watanni sai rani, kuma a cikinsu ne datti yake taruwa a kan titi: baƙin man da ke ɗiga daga motoci, ƙurar taya da ta birki, takin da aka zuba wa ciyawa, maganin ƙwari, kashin karnuka, guntayen sigari. Ranar da ruwan fari ya sauka sai ya share su gaba ɗaya. In ka tsaya a bakin rafin Ballona washegari, inda yake shiga teku kusa da Marina del Rey, za ka ga ruwan ya yi jawur kamar kunun kanwa, ga kumfa a gefe, ga robobin ruwa da murafensu da kofunan shan shayi suna ta juyawa, tsuntsayen teku na caccakar abin da suke zaton abinci ne. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an yi masa wa'azi ba. Saboda ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan ne ma hukumar lafiya ta gunduma take cewa kada a shiga teku sai bayan awa 72 da ɗaukewar ruwan sama.

Hukuma na yin nata. Ana share tituna da motar shara a ranakun da aka ƙayyade, in ka bar motarka a wurin a lokacin, takardar tara za ka tarar a gilashi. An sa raga a bakin kwatoci masu yawa don ta tare shara. A 2022 aka kafa wani jirgin kwasar shara mai aiki da hasken rana a bakin Ballona, ƙirar ƙungiyar The Ocean Cleanup ta ƙasar Holan. Garin Santa Monica kuwa, da ke maƙwabtaka da mu, tun 2001 yake da wata ƙaramar matata kusa da gaɓa, mai iya tace galan 500,000 a rana na ruwan da ke bin kwata da rani, a mayar da shi na ban-ruwa da kora masai.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne harajin da mutanen gunduma suka ɗora wa kansu da ƙuri'arsu a Nuwamban 2018. Sama da kashi biyu bisa uku suka amince. Ana biyan santi biyu da rabi a kan kowace murabba'in ƙafa ta filin da ruwa ba ya iya nutsewa, wato rufin gida, daɓen siminti, wurin ajiye motoci. Kuɗin da ake tarawa ya kusa dala miliyan 300 a shekara, kuma da shi ake gina wuraren tare ruwa a ƙarƙashin filayen wasa da lambuna, domin ya sauka ƙasa a hankali. A ganina adalci ne, domin wanda ya fi rufe ƙasa shi ya fi tura wa jama'a ruwa. Gari ne kuma da ke jawo ruwan shansa daga nesa ƙwarai, to barin ruwan sama ya malale teku asara ce a kan asara.

Mu kuma namu rabon ƙanana ne, amma kullum ne. Mota a wurin wankin mota muke wanke ta, domin ruwansu matata yake tafiya. Wanda ya ga dole ya wanke a gida sai ya hau da ita kan ciyawa. Da yawa daga cikinmu direbobi ne, suna juyen mai da kansu, to baƙin man a jarka ake zuba shi a kai shagunan da ke karɓa. Ruwan goge ɗaki a masai ake juye shi. Ragowar fenti da tsofaffin batura akwai wurin da hukuma ta keɓe musu. In aka yi taro a filin shaƙatawa, samari ba sa tashi sai sun bi wurin da buhunan shara. A watan Satumba kuma akwai ranar tsabtace gaɓar tekun Kalifoniya, wadda ake yi tun 1985. A nan ne aka ɗauki hoton da ka gani na yaran da safar hannu. Dattawanmu ba su ɗauki wannan a matsayin baƙuwar ɗabi'a ba, domin tun muna yara muke jin cewa tsafta cikon addini ce, kuma an hana mu ɓata ruwan da wasu za su amfana da shi.

Kada ka ɗauka an gama da matsalar. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ragar da jirgin duk ba sa iya tare shi. Bayan gobarar da ta tashi a yankin nan a Janairun 2025, ruwan sama ya kwashi toka da tarkacen gidajen da suka ƙone zuwa teku, har aka hana shiga ruwa a wasu wurare. Don haka ne kafin mu kai yara wanka muke duba makin da ƙungiyar Heal the Bay take bai wa kowace gaɓa, daga A zuwa F, kuma ko da rani ne muna nisantar bakin bututun kwata.

A gaida Inna da yara.