Hukuncin ɓoye shari'ar kotu da rage adadin ma'aikata a rahoton kuɗin kamfani

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni akanta ne, ina zaune a Agege, ina aiki a reshen wani kamfanin ƙasar waje a nan Legas. Wasu ma'aikata da aka sallama sun kai mu kotun ma'aikata suna neman kusan naira miliyan 900, kuma lauyanmu ya ce da wuya mu yi nasara. Shugabana ya ce kada a saka maganar a rahoton shekara tunda ba a yanke hukunci ba, kuma in cire ma'aikatan wucin gadi daga ƙidayar ma'aikata. Ya halatta in bi umarninsa?

Amsa: Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ɗan'uwa, ɓoye wannan shari'a haramun ne, kuma bin umarni a kai ba uzuri ba ne. Maganar ma'aikata kuwa tana da bayani, za mu zo kanta.

Rahoton shekara bayanin haja ne. Da shi mutum ke sayen hannun jari, da shi banki ke ba da bashi, da shi uwar kamfani a ƙasar waje ke haɗa nata lissafin. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Hakim ɗan Hizam cewa Annabi (SAW) ya ce mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, a sa albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Malam Ibn Abi Zaid a Risala ya kawo ma'aunin da ya dace da lamarinka daidai: bai halatta mutum ya ɓoye wani abu na hajarsa wanda in ya faɗa mai saye zai ƙi ta, ko farashinta zai ragu. To ka auna. A ce ribar kamfani a shekara naira biliyan 3 ce, miliyan 900 kashi 30 cikin 100 ke nan. Wane mai saye ne zai ji haka bai sake tunani ba? Mutane sun ga irin wannan a 2015, lokacin da hukumar sadarwa ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04, hannun jarin uwar kamfanin ya faɗi a Afirka ta Kudu, kafin a daidaita a biliyan 330 a 2016.

Hujjar shugabanka cewa ba a yanke hukunci ba, ko a sana'arku ba ta tsaya ba. Manyan kamfanonin Najeriya sun koma ƙa'idojin lissafi na duniya tun 2012, kuma ƙa'idar IAS 37 ta raba shari'a gida uku. Idan zaton a biya ya fi zaton a tsira kuma ana iya kimanta kuɗin, sai a ware su a cikin lissafi, su rage riba a shekarar. Idan mai yiwuwa ne amma bai kai rinjaye ba, sai a bayyana a bayanan da ke bin lissafin. Idan kuwa yiwuwar nesa ce ƙwarai, babu laifi a yi shiru. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira aiki da rinjayen zato. Tunda lauyan da kamfani ya ɗauka da kuɗinsa ya ce za a sha kaye, taku tana gida na farko. Ba dole ne a ware miliyan 900 cif ba, domin abin da mai ƙara ya nema daban, abin da ake zaton kotu za ta ba shi daban. Kiyasin gaskiya ake nema, wanda lauya zai iya sa hannu a kai.

Akwai abin da zan ba kamfani gaskiya a kai, don kada a ɗauka Musulunci ya ce ka tona sirrin mai gidanka. Dabarun lauya da mafi ƙarancin abin da za a yarda a biya in an zo sulhu amana ne a wuyanka. Ita ma ƙa'idar ta yarda a taƙaita bayani idan faɗinsa zai cutar da kamfani a gaban kotu, da sharaɗin a ambaci cewa rigimar tana nan, a faɗi dalilin taƙaitawar. Taƙaitawa daban, shafewa daban.

Ma'aikatan wucin gadi kuwa, ka duba haƙiƙa, kada ka tsaya ga takarda. Idan wani ɗan kwangila ne ya ɗauke su, shi ke biyansu, shi ke sallamarsu, rashin ƙidaya su cikin naku ba ƙarya ba ne, kuɗinsu sai ya fito a babin kwangila. Amma idan ku kuka ɗauke su, ku ke biyansu duk wata, sai aka sauya musu suna don adadi ya ragu, wannan algus ne, kuma ya fi ɓoye shari'ar ciwo a wurina, domin talaka yake ci. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma kashi 1 na jimillar albashi. Wanda aka goge sunansa yawanci an goge masa waɗannan ke nan, sai ran da inji ya cinye masa hannu a Ikeja ko Apapa ya gane ba a san da shi ba. A hadisin Bukhari, cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, bai ba shi ladansa ba.

Kai marubuci ne, kuma aya ta 282 a Baƙara ta umarci marubuci ya rubuta da adalci, ta 283 ta hana ɓoye shaida. Ko da masu hannun jarin ba Musulmi ba ne, hakan bai sauya komai ba.

Sai ka fara da lalama. Ka nemi ra'ayin lauya a rubuce, ka rubuta wa shugabanka takarda mai kwanan wata kana nuna abin da ƙa'ida ta ce, ka kawo masa lafazin da ya kare sirri ba tare da ƙarya ba. Ka tuna masa cewa masu binciken kuɗi na waje sukan rubuta wa lauyoyi kai tsaye su tambayi shari'o'in da ke ƙasa, don haka ɓoyewar ba ta cika daɗewa ba. In ya ƙi, kada ka shigar da lissafin ƙarya, kada ka sa hannu, ka kai maganar ga kwamitin binciken kuɗi ko ofishin ƙorafi na uwar kamfani. In duk an toshe, sai hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa. Kada ka watsa takardun kamfani a Facebook, kuma kada ka sayar da hannun jarinka ko ka raɗa wa aboki ya sayar da nasa kafin labari ya fito.

Albashinka na aikin halal halal ne. Amma duk wani ƙarin kuɗi da za a ba ka saboda ribar da aka kumbura ta wannan hanya, kada ka karɓa. Allah ne mafi sani.