Sai an matse bakin kwanso ne idan ana ɗura harsashin raifal da hannu?

Ka tambaya ko dole ne a matse bakin kwanson a jikin kan harsashi bayan an dasa shi. Ya danganta da bindigarka, ɗan'uwa.

Idan irin su Winchester 94 ko Marlin 336 ce mai cin harsashi samfurin .30-30, wadda harsasai ke jeruwa cikin bututun ajiyarsu, kan wannan a gindin wancan, to matse. Sifirin da ke cikin bututun yana tura su, ga kuma dukan da bindiga ke yi in ta tashi, sai kan harsashin ya nutse cikin kwanso. Da zarar ya nutse, sararin albarushi ya ragu, ƙarfin fashewa ya haura, kuma nan haɗarin yake. Haka ma manyan bindigogin farauta irin masu cin harsashin .458 Winchester Magnum.

Amma bindigar harbin saiti mai sakata, riƙon wuyan kwanso kaɗai ya isa. Ni ban matse nawa.

In za ka matse, datse kwansunan su zama tsayi ɗaya tukuna, kuma bakin ya faɗa cikin tsagin da ke jikin kan. In ka cika hannu, kafaɗar kwanson za ta lotsa, ya ƙi shiga bindiga.