Zaɓen ɗan majalisa: a bi jam'iyya ko a duba mutum?

Ka tambaya ko ya dace mai zaɓe ya bi jam'iyyar ɗan takarar shugaban ƙasa sak har zuwa kujerun majalisa. A ganina wannan kuskure ne, domin majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke yin dokokin haraji, kuma ita ke da ikon gayyatar minista ya bayyana inda dukiyar jama'a ta shiga. Wanda ya ci kujerarsa albarkacin farin jinin shugaba, da wuya ya buɗe baki ranar da aka ajiye masa kasafi mai cike da ɓarna.

Ban musanta amfanin gwamnati ta samu rinjaye a majalisa ba. A Faransa, zaɓen 2024 bai ba kowane ɓangare rinjaye ba, har majalisa ta kifar da gwamnatin Firayim Minista Michel Barnier a watan Disamba kan rikicin kasafi.

Duk da haka, ni kafin in dangwala yatsa nakan bincika ƙudurorin da ɗan takara ya taɓa gabatarwa, da sau nawa ya halarci zaman majalisa.