Likita Ya Amsa: Cututtukan Dabbobi da Dokokin Kan Iyaka

Tambaya: Likita, me ya sa jami'an filin jirgi ke ƙwace nama da madara daga hannun matafiya, alhali abinci ne mai tsabta?

Amsa: Malam, tsabtar da ido ke gani ba ta nuna cewa babu ƙwayar cuta. Ƙwayar cutar bauru, mai kama baki da kofaton shanu, tana iya rayuwa a naman da bai dahu sosai ba da kuma ɗanyar madara. A 2001 ta ɓarke a Birtaniya, inda aka danganta asalinta da ragowar abincin da aka ba aladu ba tare da an dafa ba, kuma sai da aka halaka dabbobi sama da miliyan 6. Saboda haka ka bayyana abin da ke jakarka, kada ka ɓoye.

Tambaya: Likita, adalci ne a kashe dukkan kajin gona, har da masu lafiya, don murar tsuntsaye ta kama kaɗan?

Amsa: Hajiya, na san abin da ciwo. Amma kazar da ake gani garau tana iya ɗauke da cutar kafin alama ta fito, kuma ƙwayar na bin takalma, tayoyin mota da kwandunan ƙwai zuwa gonar maƙwabci. Inda nake ganin gwamnatoci na kuskure shi ne jinkirin biyan diyya. Mai kiwon da ya san ba zai samu ko sisi ba, da daddare zai kwashe kajinsa ya sayar, cutar ta bi su kasuwa, daga nan ta tsallake iyaka. Dokar kisa ba tare da diyya a kan lokaci ba tana koya wa mutane rufa-rufa ne kawai.

Tambaya: Wa ke sa ido a kan ƙasashen da kansu?

Amsa: Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda aka kafa a Paris a 1924. Ƙasar da ke cikinta dole ta kai rahoto cikin awa 24 da tabbatar da ɓullar cutar da ke jerin hukumar. Ba ta da ikon hukunta kowa, sai dai abokan ciniki kan rufe kasuwanninsu ga ƙasar da aka kama da ɓoyewa. Irin wannan haɗin kai da rigakafi ne suka kawar da cutar bushiya, annobar da ke kashe shanu, daga doron ƙasa, aka sanar da haka a 2011.