Wasiƙar imel mai ɗauke da ƙunshi: ɗaga waya kafin ka danna

Wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran babur a babbar kasuwar Garwa ya aiko mini da tambaya. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Ina da kwamfuta a gida. A cikinta nake ajiye lissafin shago, da sunayen masu bashi, da takardun kayan da nake sarowa daga Sin ta Duwala. Da dare yara suna amfani da ita. Makon jiya wasiƙa ta shigo imel ɗina da sunan mai fitar mini da kaya daga duwan (kwastan), wai ga faktir (takardar kuɗin kaya) nan a ƙunshe, a biya da gaggawa. Babban ɗana ya danna, ba abin da ya buɗe. Tun ranar kwamfutar take nauyi. Mai gyara ya ce in kawo sefa dubu 15 ya sa mini antibairos (manhajar kare kwamfuta daga cuta). In biya? Kuma kuɗina suna cikin haɗari?"

Alhaji, Allah ya tsare gaba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne inda ka ce an danna amma ba abin da ya buɗe. Faktir na gaskiya in an danna shi yakan buɗe, ka ga sunan kamfani da jerin kaya da kuɗi. Wanda aka danna ya yi shiru, sau da yawa ya riga ya yi aikinsa ne a ɓoye: ya dasa wata 'yar manhaja da ke kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a kwamfutar, ko take rubuta duk abin da ka buga tana aika wa wanda ya turo ta. Don haka ka ɗauka ɓarawo ya shiga gida, har sai an tabbatar bai shiga ba.

Yau ɗin nan, kafin maganar mai gyara, ka raba kwamfutar da intanet. Ka ɗauki wayarka, ba kwamfutar ba, ka canja kalmar sirrin imel ɗinka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato wadda ba a shiga akwatin sai an sa lambar da ta zo wayarka. Sannan ka shiga saitin imel ɗin ka duba abu biyu: jerin na'urorin da ke ciki, ka fitar da duk wadda ba ka sani ba, da wurin tura wasiƙu kai tsaye zuwa wani adireshi. Wannan na biyun mutane da yawa ba su san da shi ba. Ɓarawo yakan saita shi yadda kowace wasiƙa ta shigo maka kwafinta zai wuce wurinsa, ko ka canja kalmar sirri sau goma yana nan yana karantawa. Idan ka taɓa shiga asusun bankinka ta wannan kwamfuta, shi ma ka canja, ka kuma sanar da bankin. Ka kira mai fitar maka da kayan ka tambaye shi ko shi ya aiko. In ya ce ba shi ba ne, ka gaya masa ya duba nasa akwatin, don wataƙila daga can aka samo sunanka.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce babba. Eh, kuɗinka suna cikin haɗari, amma ba ta hanyar da kake zato ba. Ɓarawon nan ba ruwansa da kwamfutarka. Akwatin wasiƙunka yake so, domin a nan cinikinka da mutanen Sin yake.

Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa a Marwa wanda hakan ta faru da shi, muka buɗe wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru yana hulɗa da kamfani guda a Guwanzu. Sun yi ciniki, sun daidaita, saura biya. Sai wasiƙa ta zo, a cikin zaren hirar da suke yi, da gaisuwa irin wadda ya saba gani, da tambarin kamfanin, da lambar odarsa daidai: wai ana binciken asusunsu na banki, a tura kuɗin wannan karo zuwa wani sabon asusu. Ya tura. Sai da kwana goma suka wuce mutanen suka tambaye shi ina kuɗi. Da muka ƙura wa adireshin ido, sai ga shi harafi ɗaya ne ya bambanta: inda ya kamata a ga "m" an rubuta "r" da "n" a manne, a ƙaramin allo ba ka isa ka raba su ba. Na ga bawan Allah nan ya ɗora yatsa a kan harafin ya daɗe bai ce komai ba. Ɓarawon ya yi makonni yana karanta hirarsu yana jiran ranar biya. Babu antibairos ɗin da zai hana wannan, domin wasiƙar ƙarshe ba ta ɗauke da wata cuta, ƙarya ce kawai a rubuce.

Abin da zai hana shi kiran waya ne. Duk ranar da aka ce maka asusu ya canja, ko daga Sin ne, ko daga Dubai, ko daga mai fitar da kaya a Duwala, ko mai motar da zai ɗauko daga Ngaundere, kada ka tura ko dala sai ka ji muryar mutumin da ka sani, a lambar da ka daɗe da ita, ba lambar da ke ƙasan sabuwar wasiƙar ba. In da hali a yi kiran bidiyo, ka ga fuskarsa, ya karanta maka lambar asusun da bakinsa. Sunan da ke kan asusun kuma dole ya zama sunan kamfanin da ke kan faktir. Kamfani yana Guwanzu, asusu da sunan wani mutum a wata ƙasa daban, wannan kaɗai ya isa ka janye hannu. Ai a kasuwa ba ka miƙa wa baƙon yaro kuɗi don kawai ya ce maigidansa ne ya aiko shi. Sai ka kira maigidan. Imel ma ɗan aike ne, kuma kowa na iya sa masa rigar wani. Tunda abin ya riga ya taɓa ka, ka kira mutanenka na Sin a makon nan ka gaya musu an shiga akwatinka, kada su ma su yarda da wani sabon umarni da sunanka.

Batun sefa dubu 15. Shawarata kada ka biya don antibairos kaɗai. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu mai suna Microsoft Defender, kyauta, kuma ya wadatar da kwamfutar gida muddin ana barinsa yana sabunta kansa. Abin da wasu masu gyara ke sa wa mutane kuma kwafi ne da aka fasa, wanda ba ya sabuntawa, wani lokaci ma cutar a cikinsa take zuwa. Ban ce naka mai gyaran haka yake ba, amma ka tambaye shi lasisin. Aikin da ya cancanci kuɗinka shi ne wannan: a kwafe takardunka kaɗai, wato lissafi da hotuna da faktir-faktir, ba manhajoji ba, a goge kwamfutar baki ɗaya, a sa Windows sabo na halal, a sabunta shi, sannan a bincike takardun kafin a mayar. Ka zauna a wurin ana yi, don littafin bashinka ba abin barin wa kowa ba ne. Ka kuma tambaya wane Windows ne a kai. Microsoft ta daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, na Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Kwamfutocin gwanjo da yawa da ke shigowa kasuwanninmu da tsohon Windows suke zuwa, kuma tsohon Windows kamar shago ne da kwaɗonsa ya lalace aka daina ƙera irinsa. In injin ba zai ɗauki Windows 11 ba, ka fara tara kuɗin wani, ka lissafa shi cikin kuɗin tafiyar da shago kamar haya da lada.

To yaya ake gane mugun ƙunshi? Ka fara da wutsiyar sunansa. Kowane fayil yana da 'yan haruffa a ƙarshe bayan ɗigo, su ne ke faɗin ko shi mene ne. Takarda takan ƙare da .pdf ko .docx ko .xlsx, hoto da .jpg. Amma .exe da .scr da .js da .vbs da .bat ba takardu ba ne, manhajoji ne masu aiki da zarar an danna. Matsalar ita ce Windows yana ɓoye wannan wutsiya in ba a ce ya nuna ba, sai ɓarawo ya raɗa wa fayil suna "facture.pdf.exe", kai kuma "facture.pdf" kaɗai za ka gani. Dabarar tsohuwa ce. A watan Mayun 2000 wata cuta da aka sani da ILOVEYOU ta fito daga ƙasar Filifin ta bazu duniya cikin 'yan kwanaki, da wasiƙa mai cewa ga saƙon soyayya a ƙunshe. Sunan fayil ɗin yana nuna kamar rubutu ne, alhali ainihin wutsiyarsa .vbs ce. Duk wanda ya buɗe, sai ta aika kanta ga mutanen da ke littafin adireshinsa, shi ya sa kowa ya ga ta zo daga wanda ya sani. Fiye da shekara ashirin ke nan, soyayyar ce kawai aka canja da faktir. Ka sa mai gyara ya kunna maka nuna wutsiyar fayil, aikin minti ɗaya ne.

Gmail ba ya barin a aika .exe kai tsaye, shi ya sa yanzu ɓarayin suke dunƙule shi a cikin .zip ko .rar, wani lokaci har da kalmar sirri da suka rubuta a jikin wasiƙar, don kada na'urar bincike ta leƙa ciki. Ba mai fitar da kayan da ke bukatar kulle faktir a jaka ya kuma manna makullin a jikinta. Akwai kuma takardar Word ko Excel da in ka buɗe za ta ce ba za ta nuna rubutu ba sai ka danna "Activer le contenu". Kada ka danna. Wannan maɓalli ne ke ba ta izinin gudanar da umarni a kwamfutarka. Sai PDF ɗin da ba komai a ciki sai mahaɗi guda, ka danna ya kai ka shafi mai kama da na Gmail yana neman kalmar sirrinka. Wanda ya riga ya shiga akwatinsa, me zai sa a sake tambayarsa makulli don ya ga faktir?

Abin da ya haɗa su duka gaggawa ce. Kayanka za su kwana a tasha, tara za ta hau, za a rufe asusunka na Orange Money ko MTN MoMo kafin gobe, ofishin haraji yana nemanka. Sun san ɗan kasuwa yana tsoron kuɗin jinkirin kwantena fiye da komai, sai su taɓa wurin. Idan wasiƙa ta sa gabanka ya faɗi, to lokacin ne za ka ajiye linzami ka ɗauki waya. Lambar sirrin kuɗin wayarka kuwa ba ma'aikacin gaskiya da zai nema, ta imel ko ta kira.

Akwai wani nau'in cutar da ya fi ba ni tsoro saboda masu littafin bashi irinka: wanda ke kulle duk takardun kwamfuta ya ce sai an biya fansa. A watan Mayun 2017 ɗaya daga cikinsu, WannaCry, ya kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitoci a Ingila suka koma mayar da marasa lafiya gida. Shi ta ɓarakar Windows da ba a sabunta ba ya shiga, ko da yake 'yan uwansa da yawa ta imel suke zuwa. Ka yi tunanin ka wayi gari sunayen masu bashinka na Gidar da Figil da Pitowa duk sun kulle. Wa zai zo da ƙafarsa ya ce ga abin da ake bina? Maganin wannan mai araha ne: ka sayi diski na waje, kowane mako ka kwafe takardun shago a ciki, ka zare shi ka sa a akwati. Zarewar tana da muhimmanci, don in yana jone cutar za ta kulle shi tare. Wannan kwafi zai cece ka har daga abin da ba cuta ba, irin wutar da ke dawowa da ƙarfi ta ƙona inji, ko zafin Garwa na watan Maris da ƙurar hunturu. Littafin bashi kuwa, ni dai ina ganin kada ka yar da na takarda.

Yara kuma. In da hali, kwamfutar lissafi daban, ta yara daban. In babu, a buɗe musu nasu sashe a cikinta wanda ba shi da ikon sa manhaja, naka kuma da kalmar sirri, kuma kada ka bar imel ɗinka a buɗe. Wasannin da ake saukewa kyauta daga shafukan da ba a sani ba, da kile (USB) ɗin da ya je sibar, wato shagon intanet, aka buga takardar makaranta ya dawo, su ne ƙofofin da cuta ta fi bi ta shiga gidajenmu. In ka sa kile ka ga manyan fayilolinka sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a kusurwa, kada ka danna ko ɗaya.

In har ka gano an riga an karkatar da wani kuɗi, ka ruga banki a ranar ka nemi a dakatar ko a dawo da shi, don sa'o'in farko ne ake da ɗan fata. Kada ka goge wasiƙun, su ne shaidarka. Ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, ka kuma sanar da ANTIC, hukumar da ke kula da tsaron intanet a Kamaru. Dokar laifukan intanet ta Disamban 2010 ta tanadi hukunci a kan irin wannan.

Ɗanka kuwa, Alhaji, don Allah kada ka yi masa faɗa. Ya ga sunan mutumin da yake jin kana ambata, ya ga an ce gaggawa, ya so ya taimaka. In ka tsawata masa, gobe in ya sake kuskure zai ɓoye maka, alhali da wuri ake so a sani. Ka zaunar da shi ku buɗe wasiƙar nan tare ba tare da taɓa ƙunshin ba, ku karanta adireshin wanda ya aiko harafi bayan harafi, ku gwada shi da na tsofaffin wasiƙun mai fitar da kayan. Daga nan ka danƙa masa diskin, ka ce kwafin kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci aikinsa ne.