Filin Kanikanci: Ina son in ɗaga tsohuwar Hilux ɗina

Tambaya:

Assalamu alaikum, Oga. Ina da Toyota Hilux ƙirar 1994, mai shan gas, mai ja da ƙafa huɗu. Da ita nake kwaso hatsi daga ƙauyukanmu zuwa Dawanau. Da damina cikinta na gogar ƙasa, bayanta kuma ya zauna ko babu kaya. Wani bakanike ya ce in cire sifirin ɗinta a sa mata na Land Cruiser, za ta tashi sosai. In yi?

Mai karatu daga Ringim

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa aljihu tukuna. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri babu kaya, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. Lafiyayyen sifirin yana da lanƙwasa irin ta baka. Idan ka ga naka ya miƙe sambal, ko robar nan da ke tare aksul ta yi ƙyalli saboda yawan duka, to motarka ba gajera ba ce, gajiya ta yi. Mota ce da ta haura shekara 30 tana dakon buhuna. Sau da yawa sabon sifirin irin nata na asali kaɗai yana dawo mata da tsayin da mai ita ya manta tana da shi.

Sai kuma abin da bakanikenka bai faɗa maka ba. Sifirin gangar jiki da casis yake ɗagawa. Tulun bakin aksul, wannan ƙullutun da ke tsakanin tayoyin baya, yana nan inda yake ko da ka jera falle ashirin, kuma shi ne ke fara nutsewa a tudun da ke tsakanin sawun manyan motoci. Taya ce kawai ke ɗaga shi. Idan 205R16 ce a ƙafarta ka koma 7.50R16, tulun zai tashi da wajen santimita 3 da rabi. Ba yawa, amma a laka wannan ɗan tazarar ita ce ke raba wanda ya wuce da wanda ya kwana. Sai dai injin gas na wancan zamanin ba mai gudu ba ne, da babbar taya za ka ji ta ƙara nauyi a hawa.

Batun sifirin Land Cruiser kuwa, ban yarda ba. Fallen Hilux faɗinsa milimita 60 ne, na Land Cruiser 70. Ba zai zauna a mazauninsa ba sai an yanka an yi walda a jikin casis, ni kuwa ba na son ganin wuta a casis ɗin motar da ke ɗaukar kaya.

Ko sifirin da faɗinsa ya yi daidai ma sai an auna. Akwai ƙusar tsakiya da ta ɗaure fallayen, kanta ne ke shiga rami a jikin aksul ya riƙe shi. Wannan ƙusa ba a tsakiyar gaske take ba. Daga idon gaba, wato naɗaɗɗen bakin sifirin da ake ɗaurewa a casis, zuwa gare ta, da daga ita zuwa idon baya, tsawon ba ɗaya ba ne. Na koyi wannan da kuɗina. Ina yaron shago maigidana ya aike ni in sayo sifirin wata akori-kura, na auna tsawonsa baki ɗaya da igiya, ya yi cif, na ɗauko ina murna. Muka ɗaura, sai ga taya ta matsa baya da kamar yatsu uku. Mai motar ya loda buhu shida, tun kafin ya fita daga layi taya ta fara cin bodi, kana jin ƙauri. Wata guda ina biya daga kuɗin abincina. Saboda haka idan za ka kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, ɗauki tsohon naka ɗaya ka tafi da shi, a kwantar da su gefe da gefe a ƙasa, ido da ido, ƙusa da ƙusa.

Shawarata ita ce ka sayi sifirin Hilux mai lafiya, a ƙara masa dogon falle ɗaya a ƙarƙashin uwar fallayen, wato na sama mafi tsawo, ka tsaya a tashi na inci 2, wato santimita 5. Gefe biyu tare ake canzawa, in ba haka ba ta riƙa tafiya a karkace. Irin taka, ƙirar 1988 zuwa 1997, da yawansu gabansu ma sifirin falle ne, in taka haka take shi ma a duba shi, kada baya ya tashi ta koma kamar mai ruku'u.

Idan ta tashi akwai masu biyo baya. Shokozoba sai an sa mai ɗan tsawo, don tsohuwar za ta riƙa ƙurewa tana bugawa. A ɗaga casis da jak har tayoyi su yi lilo, a kama tiyon birki da hannu; in ya miƙe kamar tsirkiya, a canza shi. Akwai kuma wani ɗan bawul a baya mai siririn ƙarfe da ya sauko zuwa aksul. Aikinsa auna nauyin kaya, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi idan mota ta zauna. Da ka ɗaga mota sai ya ɗauka kullum wayam take, ya rage wa baya birki alhali ka yi lodi. A ɗaga maƙalar ƙarfen daidai da tashin da motar ta yi. Na ga masu cire shi su yar, wai tarkace ne. Allah Ya kyauta.

Ƙusoshin nan masu siffar U da ke rungume aksul a sa sababbi, a sake ɗaure su bayan ka yi sawu biyu ko uku. Na idon sifirin kuma ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba bushin, wato robar cikin idon, ya murɗe ya yage.

Na san ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Sabon sifirin zai sa ka ga kamar motar ta ƙara ƙarfi, ka fara cewa a ƙara buhu biyar. Boris ɗin baya, da birki, da tayoyi duk na da ne, kuma wajen tan ɗaya aka yi ta dominsa. Ga shi doguwar mota da kaya a sama ta fi saurin kifewa a kwana.

Tambaya:

Oga, maƙerin unguwarmu ya ce zai gasa min sifirin a wuta ya lanƙwasa shi ya dawo sabo, a kan kuɗi kaɗan. Yaya ka gani?

Direba daga Funtua

Amsa:

Kada ka ba shi, ɗan'uwa. Ƙarfen sifirin an yi masa horo na musamman da zafi a masana'anta, da ya yi ja a wutar maƙera wannan horon ya tafi. Ko ya sake zama cikin 'yan makonni, ko ya karye a hanya. Idan dole ne, a warware fallayen a doke su da guduma a sanyi, ɗaya bayan ɗaya. Wannan zai iya raka ka zuwa ƙarshen kaka, kafin nan ka tara kuɗin sabo.