Bayan motata na zamewa, bakanike ya ce in kashe ESP

Tambaya: Injiniya, na sayi Mustang GT ƙirar 2016 'yar Kwatano. Ran da aka yi ruwan farko, na taka totur ina fita daga shatale-tale, sai bayanta ya wulla gefe, wata fitila ta dinga ƙiftawa, ƙarfin ya yanke. Saura ƙiris in kwashi mai babur. Bakanikena ya ce ESP, na'urar da ke hana mota zamewa, ita ce ke cinye ƙarfin injin, in kashe ta ko ya zare min fis ɗinta. Tun ranar gabana ke faɗuwa in na kama sitiyari.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya tsare gaba. Motarka lafiyarta ƙalau. Ƙarfin doki 435 ne a cikinta, duka a tayoyin baya, ka sake su a kan kwaltar da ta sha ƙura da baƙin mai wata shida. Fitilar da ta ƙifta ta ESP ce, alamar na'urar aiki take yi. Da ba ta yanke ƙarfin ba, da yanzu wata magana ake.

Batun bakaniken nan shi ne ya dame ni, don kusan kullum sai na ji irinsa a gareji. Wai direban ƙwarai ba ya buƙatar kwamfuta. To ka duba jirgin yaƙi F-16, wanda ya fara tashi a 1974. Da gangan aka ƙera shi ba ya zama daram a iska, domin ya iya juyi da sauri. Sandar da ke hannun matuƙin ba ta haɗe da fikafikai ta ƙarfe ko igiya. Saƙo take kai wa kwamfuta, ita kuma ta yi ta gyara jirgin sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Layi huɗu aka yi mata don in ɗaya ya mutu saura su riƙe. A 2014 ma aka ƙara masa tsarin da ke karɓe tuƙi ya ɗaga jirgin idan matuƙi ya suma yana dosar ƙasa. Mutanen da aka horar shekara da shekaru ke nan, ba wanda ya ce a zare masa fis.

Kai kuwa ƙafarka feda ɗaya take takawa, birki ya kama tayoyi huɗu. ESP tana karanta gudun kowace taya, da inda ka murɗa sitiyari, da inda motar ta nufa a zahiri. Idan bayan ya fara fita, sai ta danne tayar gaba ta wajen kwana ita kaɗai. Babu direban da zai iya wannan, ko a tseren motoci na Formula 1 ya girma. Kamfanonin Mercedes da Bosch suka fito da ita a 1995, Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci daga ƙirar 2012, shekaru kafin a ƙera taka.

Abin da ya fi ƙona min rai, ESP da ABS, mai hana tayoyi ƙamewa in an taka birki, firikwensin taya ɗaya suke amfani da shi. A zare fis, duka biyun sun tafi. Na sha buɗe dashbod in tarar an manna baƙin salatef a kan fitilar, ko an cire ƙwan gaba ɗaya, mai mota na ɗaukar 'ya'yansa makaranta bai sani ba. Wanda ya yi wannan don ya huta da binciken waya, ya tuna akwai ranar da za a tambaye shi rayukan da ke cikin motar da na bakin titi.

Ka kunna makulli ka duba: fitilar ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ba ta kama ba sam, ko ta tsaya kyam, a sa wa motar na'urar bincike. Duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a jikin taya, mako ne da shekarar da aka ƙera ta. In tayoyin sun haura shekara shida, canza su. Sannan kada ka ƙara danna totur sai sitiyari ya miƙe.